Lamba 214 a Rajistar Tsintuwa

Mai gadin ofishinmu ba ya iya wuce abin da aka yar. Tsohuwar laima, makulli, takalmi ƙafa ɗaya, duk ni yake kawo wa in shigar a rajistar kayan tsintuwa. Wata Litinin sai ga shi da doki, haƙarƙari duk a waje.

"Malam, rubuta," in ji shi.

Na rubuta: lamba 214, doki ɗaya, ja.

Kwana uku yana ba shi dusa da ruwa. Dokin na farfaɗowa ya cinye furannin manaja. Manaja ya ce kafin Juma'a ko dokin ya tafi, ko su tafi tare da mai gadin.

Mai gadi ya kwance igiyar, ya ce, "Ai ya san gidansu." Muka bi shi, ina rungume da rajista. Dokin ya shiga wani layi, yana tsayawa a kowace ƙofa. A ta huɗu wata tsohuwa ta fito da kwandon shara.

"Ina ka shige, ɗan nema? Wata biyu ba a kwashe mana ba." Dokin take yi wa faɗa.

Ita ta gaya mana na mai kwasar shara ne, ya sayi mota, ya saki dokin, ya koma wata unguwa.

Mai gadi bai jira Juma'a ba. Ya ajiye aiki, ya nemo tsohon amalanken da dokin yake ja, ya gaji kwasar sharar layin. Duk Talata sukan tsaya a ƙofarmu, manaja da kansa yake tsare furanninsa. A gaban lamba 214 na rubuta: an karɓa.