Buzun da Aka Kama a Kasuwar Badaguishiri

A shekarun da jam'iyyu suka fara yawa a ƙasar nan, ina ɗinki a bakin kasuwar Badaguishiri. Kekena yana ƙarƙashin rumfa, kusa da teburin wani mai gyaran rediyo. Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya bar jam'iyyarsa ya koma ta abokan hamayya. Shi ke zagaya ƙauyukan Tajaye yana tara mutane. In ya yi dariya har layin mahauta ake ji.

Wata ranar kasuwa da hantsi, masu amalanke suka tsinci gawarsa a gefen hanyar Illela. Harbinsa aka yi. Babur ɗinsa na kwance kusa da shi, agogonsa na hannunsa, don haka tun kafin azahar kowa ya san ba aikin ɓarayi ba ne.

Kasuwar da ta zagayo, jandarma suka zo da mota suka ɗauke wani Buzu mai sayar da tumaki. Lokacin ana tawaye a arewa, duk mai rawani da takobi abin zargi ne. Aka ce shi ɗan aiken 'yan tawaye ne, an tuhume shi da ta'addanci da kisan kai. Ni kuwa na san safiyar da aka yi kisan yana rumfata tun fitowar rana, yana dafa shayi yana jiran in gama masa wando.

Ban gaya wa kowa zan je ba da shaida ba, sai matata. Amma washegari mai gyaran rediyo ya matso da bencinsa, ya ce a hankali, "Maƙwabci, na ji za ka Konni. Mi kake nema can?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Kasuwa ce. Ni dai ina tausayin ɗiyanka."

Na rasa gane ko shawara ce ko gargaɗi. Duk da haka na shiga mota na tafi.

A buron alƙali mai bincike, wani tafinta ne ke juya maganata zuwa Faransanci. Ina yin magana mai tsawo, shi yana faɗin 'yar gajera. Alƙalin ya tambaye ni ko ni ɗan wace jam'iyya ne. Na ce ni tela ne, kowa na kawo mini atamfar jam'iyyarsa. Ya ce in kisan na siyasa ne hukuncinsa ya fi nauyi, kuma mai rufa wa mai laifi asiri shi ma zai iya shiga ciki. Sannan ya sallame ni.

Da na dawo, ɗinki ya ragu. Mutanen marigayi suna cewa an saye ni ne don in wanke wanda ya kashe shi. 'Yan ɗaya jam'iyyar suna cewa so nake a juyo da zargi kansu. Har na fara kallon matata, ina tunanin wa ta gaya wa, sai da ta yi kuka ta rantse. In mutum biyu na magana suka yi shiru da isowata, sai in kasa cin abinci ranar.

Buzun ya daɗe a kurkukun Konni. Bayan an yi sulhu da 'yan tawaye aka sake shi, ba tare da an yanke masa hukunci ko an wanke shi ba. Bai ƙara zuwa kasuwarmu ba. Wani ya ce ya gan shi a Malbaza, ya rame, ba ya son magana.

Ba a taɓa kama wani ba. Mai gyaran rediyo ya buɗe babban shago a Konni a shekarar da aka yi kisan. Wataƙila kasuwa ce ta yi masa kyau. Muna gaisawa in mun haɗu, yana tambayar iyali, ina amsawa, kowa ya wuce.