Atu Mai Haƙar Kabari a Gidan Kallo

Shekara talatin da ɗoriya Atu ya yi yana haƙar kabari a Kebbe. Mutum ne mai fara'a da yawan barkwanci, amma tun da bayansa ya soma ciwo abu ɗaya ke damunsa: babu wanda ya yarda ya koyi aikin. In an yi rasuwa kowa yakan zo salla, amma diga da shebur sai Atu.

A shekarun nan ne Ɗangiwa, wani direban bas, ya sayo bidiyo da janareta daga Tambuwal, ya buɗe gidan kallo a bayan kasuwa. Wata Laraba bayan la'asar ya sa fim ɗin Turawa na matattu masu fasa kaburbura suna farautar masu rai. Ya gayyaci Atu musamman don a ga ko zai firgita.

Atu ya zauna a benci na gaba, ya naɗe hannun riga. Da gawar farko ta turo ƙasa ta fito, 'yan kallo suka ja da baya, shi kuwa ya matsa kusa da akwatin talabijin yana girgiza kai. Ya ce wannan ba laifin mamaci ba ne, laifin mahaƙi ne. An haƙa uwar kabari, amma ba a fitar da ɗan ramin ciki ba, ba a jera itace ba, ba a liƙe da jiƙaƙƙar ƙasa ba. Ɗaki ya ɗauki dariya, har Ɗangiwa ya tsayar da kaset.

Da aka ci gaba, Atu ya daina duban matattun, ya koma kan masu rai. Ya lura kowa yana kulle ƙofarsa, maƙwabci na bugawa ba a buɗe masa.

"Ku bar dariya," in ji shi. "Mamaci ba ya tashi sai ranar da Allah ya so, kowa ya sani. Amma garin ga na cikin fim tun kafin matattu su fito ya mutu. Ku kuma, ran da na kwanta, wa zai haƙa mini?"

Ɗangiwa ya ce, "Baba, ai kai ka haƙa naka tun yanzu, mu dai mu rufe."

"Rufin ma ba ka iya ba, ɗan nema. Irin na Turawan ga za ka yi mini."

Aka sake yin dariya, amma wannan karon ba ta daɗe ba.

Washegari da hantsi magidanta huɗu suka yi sallama a ƙofar Atu, Ɗangiwa na gaba da aron diga. Atu bai kai su maƙabarta ba, domin ba ya haƙa wa mai rai rami. Ya kai su bakin kududdufi inda ake ɗiban ƙasar gini, ya auna musu tsawon kabari da karan dawa. Ramin Ɗangiwa ya fito a karkace. Atu ya zauna a inuwa, ya miƙe ƙafafu, ya sa shi ya cike ya sake.