Layin da Malam Rula Ya Miƙar

Shekara talatin da ɗaya Malam Rula ya yi yana koyar da zanen gine-gine a makarantar koyon sana'a, kuma ba a taɓa jin ya ce zanen wani ya yi kyau ba. Iyakar yabonsa shi ne "ba laifi". Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, saboda wata rular ƙarfe da ba ta rabuwa da aljihunsa. Idan ya ɗora ta a kan takardar ɗalibi ya ga layi ya kauce, ko da kaurin gashi ne, sai a sake zane daga farko. Sunan ya bi shi har gida, har surukansa ma da shi suke kiransa idan ya ba da baya.

A gidan ma shi ne ma'auni. Uwargidansa ma'aikaciyar jinya ce, mace mai hankalin kanta, amma ta saba kawo masa komai ya gani: wasiƙar neman hutu, tsawon labule, hoton da za a rataye a bango. Yakan yi tsaki ya ce ba a barin mutum ya huta, alhali ransa fes. Da suka yi ritaya, sai zamansu ya koma teburin da ke jikin tagar falo. Kowace yamma shi da jarida, ita da kofin shayi, yana karanto mata labari yana gyara wa duniya zama, tana cewa "haka ne, Malam". Wannan zaman shi ne duk abin da ya rage masa na aji da ɗalibai, kuma ya fi son sa fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa.

Hawan jini ne ya kawo littafin. Likita ya ce uwargida ta nemi abin da zai kwantar mata da hankali, sai autarsu ta zo da littafi marar layi da baƙin biro mai siririn baki.

"Mama, wannan ba zanen gwanaye ba ne," in ji auta. "Layi ɗaya za ki ja, ki sake jan wani a gefensa, ki yi ta maimaitawa har shafi ya cika. Kuma ba a gogewa."

Malam ya sauke jarida. "Ba a gogewa? To wannan ai ɓarnar takarda ce."

Uwargida ta fara da ƙananan da'irori cunkushe kamar ƙwan kifi. Bayan mako biyu ta koma layukan da ke shiga juna kamar saƙar kwando, sannan ganye a kan ganye, kowanne da jijiyoyinsa. Tana zaune a kujerarta ta kullum, amma idan biro ya taɓa takarda sai kafaɗunta su sauka, numfashinta ya yi tsawo, ta tafi wani wuri da babu shi a ciki. Ya karanto labari, shiru. Ya yi gyaran murya, shiru. Sai can ta ɗago ta ce, "Magana kake, Malam?"

Kishi ne ya kama shi, ba wani abu ba, kuma kishi mai kunya, irin wanda ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Shi da ya ƙare rayuwarsa a kan zane bai taɓa samun wannan natsuwa a cikinsa ba, ciwon wuya kawai ya samu. Ga wadda ba ta san bambancin fensir mai tauri da mai laushi ba, tana zane tana murmushi ita kaɗai. Abin da ya fi ci masa rai, shafi ashirin ta cika ba ta miƙo masa ko ɗaya ba.

Sai auta ta ƙara gishiri a miki. Ta cire shafi guda ta sa a firam ta rataye a falo, alhali zanukan ubanta suna nannaɗe a saman kabad tun ba a haife ta ba. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu injiniya ne, ya zo gaisuwa ya tsaya a gaban firam ɗin.

"Kai, Malam! Ashe hannunka ya iya irin wannan ma? Wallahi ya yi kyau."

"Na uwargida ne," in ji Malam, kamar ana zare masa haƙori.

Washegari ya gwada a ɓoye. Ya fito da kamfas da rula, ya auna, ya jera da'irori sittin duk girmansu ɗaya. Da ya gama sai abin ya fito kamar tayil ɗin banɗaki, kuma kansa na sarawa. Ya yayyaga takardar ya cusa a ƙasan kwandon shara.

Ranar da uwargida ta tafi awon jini ta bar littafin a kan tebur. Malam ya yi ta zagaye shi, daga bisani ya buɗe. A wani shafi na saƙar kwando ya ga layi ɗaya da ya yi rawa ya karkace, sauran layukan kuma duk suka bi shi suka lanƙwashe. Zuciyarsa ta yi fari, ga inda ake bukatarsa. Tawada ba ta goguwa, amma duk tsohon mai zane ya san ana kankare ta da reza. Ya ɗauko sabuwar reza ya kankare layukan a hankali ba tare da ya huda takarda ba, ya murje wurin da bayan farce, ya ɗora rula ya sake jan su sambal. Awa uku ya yi. Yana yi yana jin muryarta a ransa tana cewa, "Ashe haka ake yi? Malam, koya min."

Da ta dawo ta tarar da littafin a buɗe, shi kuma yana zaune ya harɗe hannu. Ta daɗe tana kallon shafin, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Na ɗan taɓa miki shi," ya ce. "Layin nan ne ya ɓata sauran."

"Wannan layin," in ji ta a hankali, "ina cikin jansa aka kira ni aka ce Yaya ta faɗi an kai ta asibiti. Hannuna ne ya yi rawa. Da na dawo na zauna na bi shi da sauran har na gama shafin, ranar ko maganin barci ban sha ba."

"Ai a karkace yake."

"Na sani, Malam. Ina da ido."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta rufe littafin ta tura masa. "Riƙe. Naka ne yanzu."

Kwana biyu bayan haka ta sayo wani littafin, ta ja ƙaramar kujera ta koma kicin. Tana dafa masa abinci, tana gaishe shi kamar kullum, amma da yamma ta yi, kujerar da ke gabansa babu kowa. Yakan karanta jarida a zuci, yana jiyo ƙaramin sautin biro ta bayan ƙofa. Wanda ya tona rami shi ke faɗawa, Malam ya san wannan, sai dai sani bai rage masa komai ba.

A rana ta tara ya ajiye girman kai ya tashi. Ya zare rular daga aljihu ya bar ta a kan tebur, ya je ya tsaya a bakin ƙofar kicin kamar ɗalibin da ya makara.

"Maman yara, ko za ki sam min shafi ɗaya? Ina so in gwada irin naki."

Ta dube shi, babu fushi a fuskarta. Ta yago shafi daga bayan littafin, ta haɗa masa da biro.

"Ga shi. Je ka yi a tebur, can ya fi haske."

Ya karɓa, amma bai tafi ba. Idonsa ya sauka kan cinyarta don ya ga abin da take zanawa. Sai ya ga ta ɗora tafin hannunta a kan shafin, ta rufe shi gaba ɗaya, tana jiran ya wuce. Shekara arba'in da aurensu, ba ta taɓa rufe masa wani abu ba sai yau.