Ranar da Kawu Ya Bar Sitiyari a Mubi

Ana idar da sallar asuba muka bar Uba, ni da kawuna, a tsohuwar a-kori-kurarsa ta dakon masara. Shi ya tuƙa, domin ya rantse idonsa lafiya lau. Makon da ya wuce kuwa ya kutsa cikin igiyar shingen sojoji bai gan ta ba, har aka saita shi da bindiga. Wannan ne ya sa na matsa mu je asibitin ido a Mubi.

Hanya ta yi ramuka, gidajen da aka ƙona lokacin da 'yan bindiga suka riƙe yankin suna nan ba rufi, amma an share gonaki. A kowane shinge sai fasinja su sauka su taka da ƙafa. A Mararraba muka sha kunun gyaɗa da ƙosai, wanda ya ƙanƙance tun da mai ya yi tsada. Mubi ta farfaɗo, keke napep ko'ina.

A asibitin, likitar ta fara da allon baƙaƙen haruffa. Kawu ya karanta har ƙananan, ya harare ni. Sai ta kawo wani allon. Haruffansa manya ne, girmansu ɗaya, sai dai kowane layi ya fi na samansa koɗewa. Kafin tsakiya Kawu ya tsaya.

"Likita, tawadarku ta ƙare a nan."

"Baba, da saura. Ɗanka yana ganinsu."

Na karanta su. Ta ce wannan gwajin yana auna yadda ido ke raba abu da bayansa idan launinsu ya yi kusa, kamar igiya mai datti a kan kwalta, ko kakin soja a gindin ciyawa. Da shi suke gano yanar ido tun tana sabuwa, suna kuma bibiyar masu hawan jinin ido da ciwon suga. Da ta haska idon Kawu, sai ta ga yanar ido ce. Za a cire, amma kafin nan ba tuƙi.

A bakin mota ya daɗe yana juya makulli, sannan ya miƙo mini.

"Kar ka ci mini kuloci."

Da la'asar muka isa Uba. Na koyi cewa mutum zai iya karanta ƙaramin rubutu tsaf, hanya kuma ta ɓace masa. A shingen ƙarshe kafin gari na hango igiyar, na rage gudu tun daga nesa. Kawu ya leƙa ya ce, "Me ka gani?"