Wanda Ya Tare Ƙofa ta 8080

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokina mai mota, saboda kiran da wata malamar asibiti ta yi min daga wani ƙauye gaba da Ɗanzomo. Kwamfutar da ke riƙe da bayanan masu juna biyu ta ƙi aiki, ga shi ranar awo ce. Sau uku tana maimaita min cewa akwai masu hawan jini, kuma a ciki aka rubuta maganin kowacce.

Lokacin kaka ne. Daga Gagarawa zuwa Gumel ido bai huta ba: ga riɗi an jingine shi dami-dami, ga zoɓo ya yi jawur iya ganinka. Ni da na saba ganin zoɓo a leda sai na saki baki, har abokina ya ce in rufe kar ƙuda ya faɗa. A Gumel muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, kuɗin mu biyu bai kai na shayi da burodin mutum ɗaya a unguwarmu ba. Muna ci manyan motoci suna wucewa daga wajen Maigatari, maƙare da shanun da ban taɓa ganin masu ƙaho irin nasu ba.

Bayan Ɗanzomo muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Asibitin ɗaki uku ne. Mata sun cika inuwar darbejiya, wasu daga rugage suka tako tun duku-duku.

Kwamfutar dai lafiyarta ƙalau. Abin da ya ƙi tashi shi ne sabar, wato manhajar da ke miƙa bayanai ga kwamfutocin hannu uku da ma'aikatan ke aiki da su. Kowace irin wannan manhaja tana da ƙofa mai lamba da ake samunta ta nan, mu masu aikin kwamfuta muna ce mata fot, kuma biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya. Tamu 8080 ce. Na tayar da sabar, ta rubuto min cewa akwai wani a wurin. Na binciko mai riƙe da ƙofar, sai ga wata manhaja da ban san sunanta ba. A Kano ba na ɓata lokaci, kashe irinsu nake yi in wuce. Har na ɗora yatsa, sai Malama ta leƙo ta kafaɗata.

"Malam, shi wanda za ka kora ɗin, wane ne?"

Ban sani ba, kuma wallahi na ji kunya. Na bi sawunta a hankali. Ashe mai gyaran sola ne ya saka ta da yamma, kwana ɗaya kafin zuwanmu, ita ke lura da sanyin firijin allurar rigakafi, ta yi ƙara idan ya fara ɗumi. Da ya sake kunna kwamfutar sai ta riga tamu tashi ta zauna a 8080. Da na kashe ta, da firijin zai iya ɗumama babu wanda ya ji, alluran yaran ƙauyukan nan su lalace. Na bar ta a wurinta, na mayar da tamu 8081, na gyara adireshin a kwamfutocin hannun. Nan take sunaye suka bayyana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Malama ba ta zauna jirana ba. Tun safe take duba mata da ka, tana rubutawa a littafin makaranta: wannan wata bakwai, waccan ta taɓa ɓari. Muka gwada da na kwamfuta, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Mace ɗaya tak ta ƙi sallama, wata Bafulatana mai kumburin ƙafa da likita ya canja wa magani a watan jiya. Ta ce wannan kam ba za ta yi mata kintace ba. Ta duba, ta ƙirga ƙwayoyin a tafin matar, sannan na ga ta sauke ajiyar zuciya.

Matar ta aiko mana da fura da nono, muka sha muka kamo hanya, ana kiran magariba muka shigo Kano. Shekara da shekaru ina wannan aiki, amma sai a ɗaki ukun nan na koyi cewa kafin ka kashe abin da ya tare maka ƙofa, ka fara sanin aikin wa yake yi. Jiya a ofis wata sabar ta ƙi tashi, na ɗora yatsa kamar kullum, sai na ji muryar Malama a kunnena, na janye hannuna.