Sista da Agogon Tashar Jirgi

Shekara talatin da biyar Sista ta yi tana aiki a ɗakin tiyata. Ita ce mai miƙa wa likita almakashi tun bai buɗe baki ba, ita ce kuma wadda sababbin ma'aikata ke gyara tsayuwa in sun ji takunta. Ranar da ta yi ritaya aka sha jawabai, aka ba ta kyautar fanka, kowa ya koma bakin aikinsa.

Makon farko barci ta yi. Na biyu ta wanke labulen gidan kaf, har waɗanda ba su yi datti ba. A na uku, bayan ta auna jinin maigidanta sau uku kafin rana ta take, ya ce, "Don Allah ki nemi mara lafiya, ni ƙalau nake."

Sai ta koma wuni gidan mahaifinta. Baba mai gyaran agogo ne, ya haura tamanin da biyar. Shagonsa na jikin gidan, shekara huɗu a rufe, tun da hannunsa ya fara rawa. A da leƙowa kawai take yi, ta ajiye magani ta wuce. Da ta zauna sai ta ga tsohon ya daina hira. In ya ci abinci, sai ya zuba wa bango ido har yamma. Ta ɗauko abin awo, ya ture hannunta.

"Auta, ni ba ciwo ke damuna ba. Zaman banza ne."

"Ni ma shi ne, Baba."

Wata safiya ta buɗe shagon don ta share. A kan teburi ta tarar da wani agogo a wargaje cikin faranti, ƙura ta rufe shi. Ta ɗauki hantsaki ta tsinto wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar yashi uku ba. Ashe Baba na tsaye bakin ƙofa, ya dogara da sanda.

"Ajiye. Sake ɗauka."

Ta sake. Ya daɗe yana kallon yatsunta, ko motsi ba sa yi.

"Wannan hannun kika kai wa likitoci shekara da shekaru, ni kika bar ni? Jawo kujera."

Haka Sista ta zama 'yar koyo tana da shekara sittin. Ba ta sha da daɗi ba. Ta karya siririyar wayar agogo, ta saka faifai mai haƙora baibai, ta yi rarrafe a ƙasa da maganaɗisu tana neman ƙusa, Baba na bisa kanta yana faɗa. Matar da asibiti guda ke shakka sai ga ta tana cewa, "Yi haƙuri, Baba, ban gane ba." Shi kuwa murya ta dawo, har abinci ya fara neman ƙari. Cikin wata biyar masu agogo suka fara dawowa.

Ana nan sai shugaban tashar jirgin ƙasa ya zo da kansa. Babban agogon hasumiyarsu ya shekara shida a tsaye, masu gyara biyu sun duba sun ce sai dai a jefar. Matsalar ita ce matakala hamsin da biyu, Baba kuwa ko biyar ba zai iya ba.

Sista ta ɗaure gwiwa ta hau, tana hutawa duk bayan goma. Ta kira shi a waya ta haska masa injin, ya ce ba ya ganin hoton da kyau.

"Kara wayar jikin injin, ki juya a hankali in saurara."

Ta juya. Ya ce ta ƙara. Ta sake.

"Tsaya nan! Faifai na uku, duba haƙoransa."

Biyu sun lanƙwashe, ɗaya ya cinye. Ta kwance faifan ta sauko da shi. Kwana tara suna kansa, ita da zarto, shi da baki.

Ranar da za a tayar da shi, aka ajiye wa Baba kujera a inuwar dandamali. Masu jiran jirgi suka taru, 'yan dako suka sauke kaya. Sista na can sama, zufa har cikin ido, ta mayar da faifan ta tura ƙarfen nan mai lilo. Ya tafi, ya dawo, ya ci gaba. Da sha biyu ta cika, ƙararrawa ta doka har tantabaru suka watse. Tasha ta ɗauki tafi da sowa.

Ta sauko tana haki, hannu duk baƙin mai. Shugaban tasha na ta yi wa Baba godiya, shi kuwa sai nuna ta yake da sanda yana gaya wa duk wanda ya matso, "'Yata ce. Autata ce." Idonsa ya ciko, ya goge da hannun riga.

Sannan ya zaro agogon aljihunsa, ya dubi hasumiya, ya dube ta.

"Ya makara da minti ɗaya."

Sista ta yi dariya har ta dafa bango. Ta kurɓi ruwa, ta nufi matakala.