Hadizar da Ta Yi Tatsuniya da Rana

Sunana Hadiza, amma sai da na shiga firamare na san haka sosai. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba, don haka ba mai iya furta shi a gidanmu. Ummi ake ce mini. Ita kaɗai take kirana Takwara, mu kuma mu ce mata Iya. Daga Miga Baba ya ɗauko ta bayan ya sami aiki a Dutse, ta zauna da mu a unguwar Limawa tana mita kullum, wai gari duk duwatsu, ba inda mutum zai miƙe idonsa.

In an sauke tuwo bayan magariba, Iya ba ta bari a kashe murhu. Sai ta ja kujerarta 'yar tsugunno, ta watsa gyaɗa a gefen garwashi, ni da ƙannena mu zagaye ta. Ta ce, "Ga ta nan, ta iso bakin zaure." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta." Wadda na fi so ita ce ta yarinyar da aka aika ɗebo wuta. Ta bi gida-gida da ɗan kaskonta, kowa ya ce tasa ta mutu, har ta hango wani haske a gindin dutse. Can ta tarar da wata tsohuwa, ta zuba mata garwashi ta ce, "Ki dubi hanya, kar ki dubi wutar." Yarinya ta kasa. Wutar ta yi mata kyau, tana tafe tana kallonta, ko da ta ɗaga kai ba ta san inda take ba.

Daga nan ne abin yake rikice mini, don Iya ba ta taɓa ƙarasa ta iri ɗaya sau biyu ba. Wata rana yarinyar ta koma gida, wata rana kura ta raka ta, wata rana kuma sai Iya ta yi hamma ta ce, "Ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa." In na ce, "Iya, jiya ba haka kika ce ba," sai ta ce, "To jiya ke kika aike ta?"

Ana nan Baba ya sayo talabijin, aka kafa eriya a kan dogon gora. In ba wuta, a jona da batirin mota. Ranar Asabar bayan magariba ake shirin raye-raye: 'yan ƙoroso da kacau-kacau a ƙafa, masu kalangu, 'yan mata da faifai a hannu suna juyi kamar ba ƙashi a jikinsu. Hoton yana yayyafi, wani lokaci kan mai rawa ya rabu da wuyansa, amma ko ƙiftawa ba ma yi. Gaskiya mun yi wa Iya butulci. Ta gasa gyaɗarta ita kaɗai, daga baya ta gaji ta jawo kujerar bakin ƙofa, tana kallo tana kushewa. Wai a Miga gurguwa ma ta fi waɗannan iya taka rawa.

Rawa ba ta dame ta ba kamar shirin yara. Shi da la'asar ake yinsa, wata mata mai faffaɗan murmushi ta tara yara a tabarma tana yi musu tatsuniya. Ran da Iya ta fara gani sai ta leƙa waje, ta dubi rana, ta dawo.

"Wannan baiwar Allah ba ta da manya ne? Tatsuniya da rana tsaka? Ai ɓata za su yi, ita da yaran duka."

Duk mun san wannan. Wanda ya yi tatsuniya da rana, ɓata zai yi. Abin da ban sani ba shi ne ko har da mai saurare, kuma in har da shi, ko gilashin akwatin yana tarewa. Na tambayi Iya, ta ce a zamaninsu ba a yi gilashi ba, ba ta da ilimin wannan.

Ina aji huɗu mutanen talabijin suka zo makarantarmu da motarsu. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, da hantsi, rana ƙwal. Matar nan mai murmushi ta ce wa ya iya tatsuniya. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ta miƙo mini abin magana ta ce in faɗi sunana, na buɗe baki na ce, "Sunana Hadiza." Na ba da ta yarinya mai kasko, na zaɓi ƙarshen da ta koma gida. Da aka tambaye ni darasin da ke ciki sai na yi tsuru-tsuru, don Iya ba ta taɓa cewa akwai darasi ba. Matar ta cece ni ta ce, "Mu riƙa jin maganar manya." Aka tafa. Sai a hanyar gida na tuna da rana na yi tatsuniyar.

Bayan mako biyu aka nuna, kuma ranar an sauya lokaci, sai bayan magariba aka sa. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Da sunan ya fito daga akwatin, Baba ya sunkuyar da kai, Umma ta rufe baki da mayafi. Iya kuwa ta ƙura ido har aka gama, sannan ta ce, "Takwara, da rana kika yi ko da dare?"

"Da hantsi aka ɗauka, Iya. Amma ai yanzu aka ji."

"To wanne za a lissafa?"

Ni dai daga ranar na daina zuwa aike ni kaɗai. Ko makaranta za ni, ina tafe ina ƙirga bishiyoyin dabino, ina jiran ranar da zan ɗaga kai in ga ban san gari ba.

Ranar ta zo, amma ba a kaina ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka nemi Iya aka rasa. Baba ya zaga Limawa a kan babur, Umma ta shiga gida-gida. Ni na shige bayan ƙyaure ina kuka, don na gano abin da ya faru: ɓata ta zo neman Hadiza, ta tarar da biyu a gida ɗaya, ta ɗauki wadda ba ita ba. Gab da magariba wata mai tuyar ƙosai ta rako Iya, ta ce a gindin duwatsu ta gan ta zaune da murfin kwano a hannu.

"Na ce Iya, ya sunanki, daga wane gida? Sai ce min take, ita ce Hadizar da ta yi tatsuniya da rana. Da haka na gane gidan, don na ga yarinyar a talabijin."

Da mutane suka watse na rarrafa kusa da ita na ce, "Iya, ni ce fa na yi, ba ke ba."

Ta ce, "An riga an biya, Takwara. Gobe ki je aikenki."

Daga baya likita ya ce tsufa ne ya fara taɓa mata tunani, kuma ta sake fita sau da yawa kafin rasuwarta. Na yarda da likita. Amma ranar farkon nan har yau ban san me zan kira ta ba. Ruɗewa ce, ko tsokana irin tata, ko kuwa ta lura jikarta ta daina fita, ta je ta ɗauke mata abin da take tsoro? Na taɓa zaton wutar cikin kasko talabijin Iya take nufi, sai Baba ya ce shi ma an yi masa tatsuniyar yana yaro a Miga, lokacin ko rediyo ba su da shi. Na nemi shirin nan a waya, na ga raye-rayen da, na ga wasu yara a tabarma, ban ga kaina ba. Ina kewar abin duka, har yayyafin hoton.

Shekaranjiya 'yata ta dawo daga makaranta da azahar, ta ce an ba su aikin gida su rubuto tatsuniya da darasinta. Na yi karatu, na san rana ba ta ɓatar da kowa. Duk da haka sai na ga na leƙa taga. Na ce ta bari sai an yi magariba, don yanzu Hadiza ɗaya ce ta rage a gidan.